"Kak dila?": Tambayoyi da amsoshi kan gaisuwar Rashawa da maganganunsu na harka da aiki

Yawancin masu aiko da waɗannan tambayoyi ɗalibai ne da suka samu gurbin karatu a Rasha, sai 'yan kasuwa, sai iyayen da ke son sanin irin mutanen da 'ya'yansu za su zauna a cikinsu. An rubuta kalmomin Rashancin yadda ake furta su, kuma gaɓar da ke da manyan baƙaƙe ita ake dannawa. "C" irin tamu ce ta "ciniki", "h" daga maƙogwaro take fitowa kamar "kha" ta Larabci, "zh" kuwa ita ce "j" ɗin Faransanci da 'yan'uwanmu na Nijar suka sani.

Wace gaisuwa zan fara riƙewa tun kafin in sauka daga jirgi?

ZDRAStvuitye (Здравствуйте). Ba ta da lokaci, ba ta kuma zaɓen mutum: jami'in shige da fice, malamin jami'a, tsohuwar da ke tsaron ƙofar masaukin ɗalibai, duk da ita za ka gaishe su. Asalinta fatan lafiya ne. Wahalarta ga Bahaushe ita ce baƙaƙe ukun da suka cunkushe a farkonta babu wasali, bakinmu yakan so ya ce "zidiras". Ko haka ka faɗa za a gane, amma ka daure ka haɗa z da d da r a numfashi ɗaya. Su kansu in suna sauri "ZDRAStye" kawai suke cewa.

PriVYET (Привет) ta abokai ce da tsara, ba a yi wa malami ko jami'i. Akwai kuma na lokaci: DObraye Utra da safe, DObri dyen da rana, DObri VYEcir daga wajen ƙarfe shida na yamma. SpaKOInai NOci ba gaisuwar haɗuwa ba ce, "sai da safe" ce.

Sau ɗaya ake gaida mutum a yini. Mu ko sau biyar muka haɗu da maƙwabci ba ma rasa "sannu" ko "barka kadai". A can, in ka sake yi wa wanda ka gaisar da safe zdrastvuitye da azahar, yana iya ce maka "ai mun gaisa", a ransa kuma ya ɗauka ka manta da fuskarsa. Gyaɗa kai ya wadatar.

"Kak dila?" ita ce "ya aiki?" tamu?

A ma'ana suna kusa. Kak diLA? (Как дела?) tana nufin "yaya harkoki?" ko "yaya al'amura?". A amfani kuwa sun yi hannun riga, kuma wanda ya gane wannan ya huta da ɓacin rai mai yawa.

Gaisuwar Bahaushe jerin gwano ce: ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya sanyi, ya muka ji da jama'a. Kowace tana da amsarta a ajiye, kuma ba mai tsammanin ka buɗe cikinka. Mai zazzaɓi ma "lafiya lau" zai ce. Ana yin ta ne don girmamawa. Ɗan Rasha kuwa ya raba gaisuwa da tambaya. Zdrastvuitye ita ce gaisuwar, da an faɗe ta an gama. Kak dila tambaya ce ta gaske, kuma wanda ka sani kake yi wa. In ka yi wa mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, ko jami'ar banki da ba ku taɓa haɗuwa ba, za ta ɗago ta dube ka tana neman inda ta san ka, ko ta yi zaton akwai abin da kake shirin roƙa. In kuma ka yi wa wanda kuka saba, musamman dattijo, to ka tsaya ka saurara, domin yana iya ba ka labarin ciwon gwiwarsa da tsadar kuɗin wuta da ɗansa da bai kira shi ba mako biyu. Tambayar mutum kak dila kana tafiya ba ka ko tsaya ba, wannan shi ne rashin ladabi a wurinsu.

Matasan birane sun sassauta abin, suna jefa wa juna "privyet, kak dila?" a waya ba tare da jiran dogon bayani ba. Amma ga babba ko wanda ba ku shaƙu ba, ka ce kak VAshi diLA? ko kak pazhiVAyitye? Kuma in kana son ka tambayi abu takamaimai, suna da shi: kak uCOba? (ya karatu), kak raBOta? (ya aiki), kak zdaROvye? (ya jiki), kak simYA? (ya iyali), kak daYEhali? (ya hanya). Ɗaya ko biyu za ka zaɓa, kada ka jero su duka.

To ni wace amsa zan bayar?

Wadda aka fi ji ita ce narMALna (Нормально), wato "daidai, ba laifi". Sai haraSHO (lafiya ƙalau), fsyo f paRYATkye (komai na tafiya daidai), patiHONku (a hankali dai, ana lallaɓawa), TAK sibye (to, da sauƙi dai), PLOha (ba daɗi). Akwai niciVO, wadda asalinta "ba komai" ce amma a nan tana nufin "da dama". Bayan ka amsa sai ka ƙara spaSIba (na gode), ka mayar da tambaya: a u VAS? ga babba, a u tiBYA? ga aboki.

Za ka lura ba su cika zuzuta jin daɗinsu ba. Mutum zai ci jarrabawa, ya samu aiki, a tambaye shi, ya ce narmalna. Wani ɓangare na dalilin sananne ne a wurinmu: tsoron kambun baka. Suna kiransa zglas, kuma wanda ya kuskura ya yabi al'amuransa yakan yi "tfu-tfu-tfu" ta kafaɗar hagu ya ƙwanƙwasa katako. Ba sai ka kwaikwayi wannan ba. Mai son ya ce "alhamdu lillahi" a harshensu sai ya ce SLAva BOgu, godiya ta tabbata ga Allah, kuma Kirista da Musulmi da wanda ba ya addini duk suna faɗa.

Akwai wata amsar barkwanci da tsofaffi suke yi: kak SAzha biLA, "kamar yadda baƙin tukunya yake fari". Ana faɗarta ne saboda ƙarshenta ya yi amo ɗaya da dila. Ma'anarta abubuwa ba sa tafiya, ko kuma mai maganar ba ya son a zurfafa.

Me zan ce wa wanda na tarar yana aiki? Ina "sannu da aiki" tasu?

Kusan babu, kuma a ganina wannan asara ce gare su. Abin da ya fi kusa shi ne boh f POmash (Бог в помощь), Allah ya taimaka, wadda a da ake yi wa mai noma ko mai faskare. Har yanzu za ka ji ta a ƙauye da bakin dattawa, a birni kuwa ta tsufa. Yaba wa wanda ya yi abin kirki shi ne malaDYETS, wato "madalla, ka yi ƙoƙari", amma babba ne ke faɗa wa ƙarami ko aboki ga aboki. Ɗalibi ba ya ce wa farfesa maladyets. Na "barka" kuwa suna da su birjik, dukansu da "s" ko "z" suke farawa: s priYEZdam (barka da zuwa), s PRAZnikam (barka da biki), z dnyom razhDYEniya (barka da zagayowar ranar haihuwa).

Yaushe ake cewa "ti", yaushe ake cewa "vi"? Kuma da wane suna zan kira malamina?

Nan Bahaushe ya ci riba, don mu ma muna ce wa dattijo ɗaya "kun tashi lafiya?". Vi (вы) ita ce "ku", ti (ты) ita ce "kai" ko "ke". Bambancin shi ne su ba shekaru kaɗai suke dubawa ba, har da sabo. Duk baligin da ba ka sani ba "vi" ne, ko da ka girme shi. Komawa "ti" kuma ba a yin sa da ka, sai babban ya ce daVAI na ti. Wanda ya yi wa baƙo "ti" a ofis ko a titi, raini ya nuna.

Suna kuwa uku ne: na yanka, na uba, na dangi. Girmamawa ita ce a haɗa na yanka da na uba. Ana ƙara wa sunan uba -ovic ko -evic ga namiji, -ovna ko -evna ga mace. Shi ya sa 'yan jarida ke kiran shugabansu Vladimir Vladimirovic, wato Vladimir ɗan Vladimir. Musulminsu ma haka: shugaban Ceceniya Ramzan Ahmatovic ne, Ramzan ɗan Ahmad. Malamar da aka rubuta Ivanova Yelena Petrovna a jadawalin darasi, Yelena Petrovna za ka kira ta. Babu "Madam", babu "Dakta", babu "Farfesa". Ranar farko ka rubuta sunayen malamanka a bayan littafi ka haddace, domin ba abin da ke saurin buɗe maka zuciyar malamin Rasha kamar ya ji baƙo ya faɗi sunansa da na ubansa daidai.

GaspaDIN da gaspaZHA suna tafiya ne da sunan dangi a takardun hukuma da manyan taruka. TaVArish ta zamanin Tarayyar Sobiyet ce, yanzu sai a soja da 'yan sanda. In kana son kiran wanda ba ka san sunansa ba, izviNItye (gafara dai) ta fi kowace lafiya.

A takardar gurbin karatuna an rubuta "Лечебное дело". Wannan "dela" ɗin ce ta gaisuwa?

Ita ce. Tilonta DYEla (дело), jam'inta diLA (дела), dannawa ce kawai ke canza wuri. Kalma ce ɗaya da ta ɗauki nauyin kalmominmu kusan bakwai: aiki, harka, sha'ani, al'amari, sana'a, ƙara a kotu, har da fayil. Tushenta ɗaya da DYElat, "yi".

LiCEbnaye dyela shi ne karatun likita na shekara shida, a zahiri "sha'anin warkarwa". Karatun jinya SYEStrinskaye dyela ne, na man fetur da iskar gas niftiGAzavaye dyela, na haƙar ma'adinai GORnaye dyela, na kwastan taMOzhinnaye dyela. Fayil ɗinka da ke ajiye a ofishin tsangaya sunansa LICnaye dyela. Ma'aikatar harkokin waje, wadda Sergei Lavrov ke jagoranta tun 2004, ana taƙaita ta MID, ta harkokin cikin gida MVD, kuma "D" ɗin ƙarshe a duka biyun wannan kalma ce. MVD ta shafe ka kai tsaye, domin tun 2016 da aka rushe hukumar shige da fice mai zaman kanta, rajistar baƙi da tsawaita biza suka koma hannunta.

Sababbin zuwa sukan yi shekara guda a ajin share fage da ake kira padFAK suna koyon harshen kafin su shiga karatu sosai. Tsari ne daɗaɗɗe: da shi aka riƙa karɓar ɗaliban Afirka a Jami'ar Abotar Al'ummai ta Mosko, wadda aka kafa a 1960 aka kuma sa mata sunan Patrice Lumumba a 1961.

Me ya sa a ofisoshinsu ake katse mutum tun bai gama gaisuwa ba?

Bari in nuna maka yadda abin yake. Ofishin tsangaya, wanda suke kira dikaNAT, a hawa na biyu, an manna lokutan ganin ɗalibai a jikin ƙofa. Mutum huɗu na tsaye a baranda ba a jere ba. Abu na farko, ka tambaya kto paSLYEDni?, wa ke ƙarshe? Wani zai ɗaga hannu, kai kuma ka ce ya za VAmi, ina bayanka. Layin ke nan, a ka ake riƙe shi. Rigar sanyinka ka riga ka bar ta a ma'ajiyar riguna ta ƙasa, hular ma ka cire, don shiga ofis da kayan waje abin ƙi ne. Ka ƙwanƙwasa, ka leƙa, ka ce MOZHna? (a shigo?). Sakatariya na zaune bayan tarin fayiloli, idonta a kan kwamfuta. Ka ce zdrastvuitye. Ta ce SLUshayu vas, ina sauraronka.

A wannan gaɓar ne namu ke ɓata rawarsu da tsalle. Tarbiyyarmu ta hana mu faɗin buƙata kafin mu tambayi lafiya, sai ɗalibi ya shiga kak dila da kak simya. Ita kuma tana jin kana cin lokacinta da na mutum huɗun da ke waje, sai ta ce BLIzhe k DYElu, tafi kan magana. Abin da take jira shi ne sunanka da ajinka da abin da ya kawo ka: ya pa POvadu SPRAFki, na zo ne kan batun takardar shaida. Minti biyu an gama. Ka ce spasiba, da sviDAniya, ka fita.

Ina roƙon ɗalibanmu kada su fassara wannan da ƙiyayya. Wariyar launin fata tana nan a Rasha, ba wanda zai musa, amma wannan ba ita ba ce: haka matar take yi wa 'yan ƙasarta. A wurinsu girmama mutum a bakin aiki shi ne kada ka ɓata masa lokaci. Haka batun murmushi. Mu mun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, su kuma suna da karin maganar da ke cewa dariya ba dalili alamar wauta ce. Murmushinsu na wanda suka sani ne. Sakatariyar nan da ta haɗe rai, bayan wata shida tana iya zama wadda za ta tsayar da kai a baranda ta yi maka faɗa don ka fito ba hula a cikin sanyi, ta tambaye ka kak dila, ta kuma tsaya ta ji amsa.

Wani ya ce mini "f com dyela?" da ƙarfi. Faɗa ne?

Ya danganta da murya. F com DYEla? (В чём дело?) tana nufin "mene ne?", "me ke faruwa?", amma sau da yawa da zafi take fitowa, irin "lafiya?" ɗin da muke yi wa wanda ya tsare mu da ido. In kai ne ke son tambayar aboki abin da ke damunsa, shto sluCIlas? ta fi taushi.

Waɗanda ke da kaifi sosai su ne ni tvaYO dyela (ba ruwanka) da kaKOye tiBYE dyela? (ina ruwanka?). Ka san su don ka gane, ba don ka yi amfani da su ba.

Sauran kuwa kayan hira ne na kullum. Dyela f TOM, shto… ita ce "abin da ke nan shi ne…", da ita ake buɗe bayani ko uzuri. Na SAmam DYElye, "a gaskiya", matasa ba sa jimla uku ba su sa ta ba. DruGOye dyela!, "yauwa, yanzu na ji magana", malami kan faɗa in ka gyara aikinka. U miNYA diLA, "ina da abin yi", hanya ce ta ladabi ta janye jiki daga gayyata, kuma ba a bin mutum da "wane abu?". Wanda ya fita pa diLAM ya tafi hidimominsa, wanda ya zo pa DYElu kuwa da magana ya zo, ba zumunci ba. In labari ya ƙare an rasa abin cewa, sai a yi ajiyar zuciya a ce vot taKIye diLA, to haka lamarin yake.

Ni mace ce, ba na musabaha da maza. Za su ji haushi?

Ba za su ji ba. A al'adarsu maza ne ke gaisawa da hannu, kuma namiji ba ya miƙa wa mace hannu sai in ita ta fara. Gyaɗa kai da zdrastvuitye ya ishe ki. A taron kamfani na zamani wani na iya miƙowa, sai ki ɗora hannunki a ƙirji ki ɗan sunkuyar da kai, sun san wannan daga matan yankunan Musulmi na ƙasarsu.

Maza kuma su kiyaye biyu: a cire safar hannu kafin a gaisa, ko da ana zuba ƙanƙara, kuma ba a gaisawa ko miƙa kaya ta kan dokin ƙofa. Ko ka shiga ko shi ya fito.

Zan je sarin kaya. Waɗanne kalmomi ne na ciniki?

SKOLka STOit? nawa ne? DOraga, ya yi tsada. SKITka, ragi. Optam, a sari. PaSLYEDniya tsiNA, kuɗinsa na ƙarshe. A manyan kantuna ba a tayi, abin da aka manna shi ne. A kasuwannin sari irin Sadavod ta Mosko kuwa ana yi, sai dai ba irin namu na "albarka" da tafiya da dawowa ba. Mai rumfa zai ɗauko na'urar lissafi ya buga lamba ya juyo maka da ita. Ka ce a YEsli Optam?, in sari ne fa? Ya tambayi guda nawa, ya goge ya buga wata. Sau biyu ko uku an tsaya. Wanda ya taya rabin kuɗi ana iya juya masa baya. Da yawa daga masu rumfunan ma ba Rashawa ba ne, mutanen Asiya ta Tsakiya ne da Azarbaijan da Sin da Biyetnam, da Rashanci kowa ke haɗuwa.

In an daidaita sai a ce dagavaRIlis, mun shirya, ko pa ruKAM a tafa. Cinikin kansa ZDYELka ne, yarjejeniya a rubuce dagaVOR, hatimi piCAT, kuma a Rasha takarda mai hatimi tana da ƙarfin da baki ba shi da shi.

Kalmar BIZnes bare ce, ta yaɗu ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Kafin nan, sayen kaya don a sayar a ci riba laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, suna kiransa spikuLYAtsiya, sai a 1988 aka yi dokar da ta ba ƙananan kamfanonin haɗin gwiwa dama. Ga Bahaushen da ya gaji fatauci kaka da kakanni abin da ban mamaki, amma shi ya sa har yau wasu dattawansu ke kallon ɗan kasuwa a kaikaice. Wanda ya buɗe sana'arsa yakan fi alfahari da cewa svaYO dyela, harkar kaina. DilaVOI cilaVYEK yabo ne, mutum mai cika aiki da magana. DiLYETS kuwa zagi ne, ɗan buga-buga.

In kuma abokin harkarka ya ce POSlye PRAZnikaf, sai bayan bukukuwa, ba yaudara ba ce. Daga 1 zuwa 8 ga Janairu ƙasar hutu take, haka farkon watan Mayu aiki kan yi sanyi tsakanin bikin ranar 1 da na ranar 9.

Suna da karin magana kan aiki da alkawari?

Da yawa, kuma suna jin daɗi in baƙo ya kawo ɗaya a inda ta dace. DYElu VRYEmya, paTYEhye cas: aiki da lokacinsa, wasa da sa'arsa. Wannan Sarki Aleksei Mihailovic, mahaifin Bitrus Mai Girma, ya rubuta ta da hannunsa a 1656 a cikin kundin ƙa'idojin farauta da shaho, wasan da ya fi ƙauna. ZDYElal dyela, guLYAI SMYEla: gama aikinka ka yi yawonka hankali kwance. Dyela MAStira baItsa: aiki na tsoron gwani. UgaVOR daROzhe DYEnik: alkawari ya fi kuɗi tsada, ɗan'uwan namu "alkawari kaya ne". DaviRYAI, no praviRYAI: ka yarda, amma ka bincika. Ita ce wadda shugaban Amurka Ronald Reagan ya riƙa maimaita wa shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev, har a wurin sa hannu kan yarjejeniyar rage makamai a Disambar 1987.

In nasarar harka ta tabbata sukan ce dyela f SHLYApye, magana tana cikin hula. In ta fara lalacewa kuma, dyela PAHnit kiraSInam, abin ya fara warin kananzir.

Ranar jarrabawa aka ce mini "ni puha ni pira", wai in amsa da sunan shaiɗan. Dole ne?

Ba dole ba ne. Ni PUha ni piRA maganar mafarauta ce, "kada ka samu gashin dabba, kada ka samu gashin tsuntsu", ana faɗin akasin abin da ake so saboda tsoron baki. Amsar al'ada ita ce k CORtu, tafi wurin shaiɗan. Ɗaliban Rasha ba sa jin nauyinta, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya yi murmushi ya ce i tiBYE uDAci, kai ma Allah ya ba da sa'a.

Kada kuma a manta Rasha na da miliyoyin Musulmi 'yan asalin ƙasa. A Kazan da Ufa da Mahackala da Grozni, da masallatan Mosko, sallama tana aiki yadda ka san ta. Ƙaramar Salla sunanta Uraza-bairam, Babbar Salla Kurban-bairam.

Sallamar tafiya fa?

Da sviDAniya ga kowa, paKA ga aboki, da ZAFtra sai gobe, fsiVO DObrava Allah ya sada mu da alheri. A waya abokai sukan rufe da daVAI. Wadda za ka guje wa ita ce praSHAI, don ta rabuwar da ba a sa ran sake haɗuwa ce. In mai masaukinka ya ce kowa ya zauna shiru na ɗan lokaci kafin a ɗauki akwati, al'adar tafiya ce, ka zauna tare da su.

An ce akwai inda kalmar "dyela" ke da haɗari. Ina ne?

A bakin hukuma. A can dyela ƙara ce. UgaLOVnaye dyela shari'ar babban laifi ce, zaviSTI dyela shi ne a buɗe wa mutum fayil, shit dyela kuma, "ɗinka ƙara", shi ne a ƙulla masa sharri. Tarihinsu ya sa wa kalmar nauyi. A zamanin sarakuna, wanda ya ɗaga murya ya ce SLOva i DYEla, "magana da aiki", yana sanar da cewa ya san wani da ya ci amanar sarki, daga nan sai kamu da azabtarwa, har sai da Bitrus na Uku ya haramta furucin a 1762. A Janairun 1953 aka shelanta dyela vraCEI, ƙarar likitoci, aka zargi manyan likitocin Mosko, akasarinsu Yahudawa, da shirin kashe shugabanni. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, ya mutu a watan Maris, a Afrilu aka sake su aka ce ƙarya ce.

Ga baƙo a yau, abin da ya fi kusa shi ne ɗan sanda ya tsayar da kai ya ce VAshi dakuMYENti, kawo takardunka. Fasfo da katin shigowa da takardar rajista su kasance a jikinka kullum. Ka gaishe shi da "vi", ka miƙa, kada ka yi gardama. In aka kai ka caji ofis aka ajiye maka takarda, dokar ƙasar ta ba wanda bai iya harshen ba haƙƙin tafinta, sashe na 51 na kundin tsarin mulkinsu kuma ya ce ba a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa.

Sai kalmar kanTRAKT, wadda nake so kowane uba ya ji. Yarjejeniyar karatu ko haya ko ciniki galibi dagavor ake kiranta. Kantrakt ma ana faɗa a kasuwanci, amma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, "sa hannu a kantrakt" a bakin mutanen Rasha shiga soja yake nufi. Kafofin labarai sun sha kawo rahoton matasan Afirka da aka yi wa alkawarin aikin gadi ko na masana'anta, aka ba su takarda da Rashanci suka sa hannu, suka tsinci kansu a fagen daga. Duk takardar da ba ka karanta ka fahimta ba, ko wane ne ya miƙo ta, ko da ɗan garinku ne ya raka ka, kada alƙalaminka ya taɓa ta. Ka haddace waɗannan uku tun kana gida: ya ni paniMAyu, ban gane ba, mnye NUzhin piriVOTcik, ina buƙatar tafinta, ya haCU pazvaNIT f paSOLstva, ina son in kira ofishin jakadancinmu. Lambar ofishin kuma ka rubuta ta a takarda ka sa cikin fasfo, don waya ita ake fara karɓewa.